Minti Goman Baba Direba

Ina durƙushe ina ba tayar baya iska na ji makulli ya faɗi a kan siminti. Da na ɗago sai na ga Baba Direba ya jingina da ƙofar motar, tsumma a hannu, yana sulalewa ƙasa a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci.

"Baba, lafiya?"

"Gama tayarka, Dogo. Jiri ne."

Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ga shi ko rana ba ta hau katanga ba. Na tsinci makullin na jefa aljihu, na ruga kiran malamin asibiti.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Ni faci nake yi a bakin titi, shi kuma direban motar asibitin garinmu ne, fara mai gado a ciki da fitila a ka. Shekara uku ke nan da gwamnatin tsakiya ta aiko da ita, aka ce mai da albashin direba na gwamnatin lardi ne. Wata biyu ta yi tana aiki, yaƙi ya tsananta can kan iyaka. Tsakiya ta riƙe kason lardi, ta ce sojoji ne a gaba. Lardi ya ce to shi ma ba ya zuba mai a motar da ba sunansa a jiki. Sai kuma aka kafa doka: motar gwamnati ba ta wuce shingen sojoji sai da takarda mai hatimi biyu, na lardi da na tsakiya. Wadda ta zo babu, a sauke na ciki a tura ta bakin daga. Haka aka yi wa ta garin da ke gaba da mu, da mai naƙuda a ciki.

Ni ban yi nisa a karatu ba, ban san mai gaskiya ba. A rediyo duk wanda ya yi magana sai ka ji kamar shi aka zalunta.

Baba Direba dai bai fasa zuwa aiki ba. Kullum ƙarfe bakwai zai wanke ta, ya duba ruwa da baƙin mai, ya tada ta minti goma cif da agogon hannunsa don kada batir ya mutu. Sannan ya matsa da ita taku biyar gaba, taku biyar baya, kada taya ta kwanta a gefe ɗaya. Man a kwalba yake sayowa. Ni kuma ranar Asabar nake ba ta iska.

"Marainiya mai uba biyu," yakan ce, yana shafa goshinta. "Kowa na cewa 'yarsa ce, ba mai ba ta ko loma."

Malamin asibiti ya saurari ƙirjinsa, ya daɗe, sannan ya ja ni gefe.

"Zuciya ce. Abin da zan ba shi ba ni da shi. Sai babban asibiti, kuma yau."

Babban asibiti tafiyar awa uku ce. Motocin haya tun da hanya ta lalace a ayari suke fita, sau ɗaya a mako, sai jibi. Babur kuwa, ina za a ɗora mutumin da ko zama ba ya iya yi?

Malamin ya kira ofishin lardi, ya buɗe murya muna ji.

"Duba lambarta mana, malam. Motar ba tamu ba ce."

Ya kira tsakiya. Wata mace ta ɗauka. "Mun ba ku mota, sai kuma mu zo mu tura muku? Ku rubuto ta hannun lardi."

Ya sake kiran lardi. Aka ce mai sa hannu ya tafi taro a kan maganar kaso, sai wani makon.

A lokacin ne Inna, matar Baba, ta iso da mayafi a karkace, takalmi ɗaya nata ɗaya nasa. Ta dube shi a kan bencin da muka kwantar da shi, ta dubi motar ta taga.

"Dogo, ka iya mota ko?"

"Na iya, Inna."

"Akwai jarka ɗaya ta man janareta," in ji malamin, yana kallon ƙasa. "Ni ban ga komai ba."

Ashe duk Baba na ji. Ya buɗe ido.

"Dogo. Makullina."

"Baba, mu gwada. In suka gan ka a kwance haka, ai za su tausaya."

"Mai naƙudar can da suka sauke, rawa suka tarar tana yi?"

"Haba Malam," in ji Inna. "Shekara uku kana wanke ƙarfe. Yau ɗaya ƙarfen ya ɗauke ka, shi ne laifi?"

Ya numfasa, ya jira numfashin ya dawo. "In ta fita ba ta dawowa. Takardar nan wata rana za ta zo. Ranar da ta zo, a tarar da me a rumfa? Lissafa masu ciki a layinmu kaɗai. Ni aka damƙa wa ita."

"Ni kuma wa aka damƙa wa ni?"

Hannu kawai ya miƙo mini, tafin a sama. Na fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da na sungume shi na sa a motar, ba abin da zai iya. Amma mutumin da ya koya mini riƙe sitiyari, ban taɓa ce masa a'a ba, ban kuma san yadda ake farawa ba. Na zaro makullin na sa masa. Inna ta juya mini baya.

A amalanken mai ruwa muka kai shi gida. Muka kwantar da shi a ɗakinsa, ƙarƙashin ƙusar da hular aikinsa ke rataye. Ya tura makullin ƙasan matashi.

Washegari na leƙa da safe. Ya rame a kwana ɗaya, leɓe ya bushe.

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai ta wuce, Baba."

"Ba a tada ta ba."

"Kawo in je in tada."

Ya ɗan murmusa. "Kai? Idonka yau na ɓarawon mota ne. Bari sai na tashi."

Da yamma rediyon maƙwabta na faɗin an kafa kwamiti tsakanin lardi da tsakiya, Inna ta kira sunana ta kan katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na ajiye tayar da ke hannuna. Ayarin motoci ya tashi washegari, mun riga mun kai shi makwancinsa.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Ni ma ba na iya haɗa ido da ita. A na huɗu ina wanke fuska hannunta ya bayyana a saman katanga da makullin.

"Ungo. Kai musu abinsu. Ba na son ganinsa a ɗakina."

Na kai wa malamin asibiti. Bai karɓa ba.

"In ba wa? Lardi sun ce ba sa ɗaukar sabon direba. Tsakiya ba su ma san an yi tsohon ba."

Na fito na tsaya a rumfa. Ƙura ta fara kwantawa a gilashi, tsummansa na nan inda ya faɗi, ya bushe ya ƙandare. Na buɗe ƙofa na shiga. Baba gajere ne, kujerar a matse take, gwiwoyina suka tokare sitiyari. Na kai hannu ƙasa zan ja ta baya, sai na fasa.

Murɗa ɗaya ta tashi. Ba ni da agogo, sai na zauna a takure ina kallon inuwar katanga tana janyewa daga kan siminti.