Luguden Ya Fanta

Lokacin da aka kawo Hansai daga Kademi zuwa gidan Badaru a Toranke, Turawa ke mulki, motocin gyaɗa ma ba su daɗe da fara shigowa Ajingi ba. Da farko shirunta bai dami kowa ba. Amarya ce, ai sai an sayi baki. Aka saya, har abokan ango na tsokana wai bakin 'yan Kademi tsada gare shi. To amma damina ta wuce, aka cire gyaɗa, aka yi roro, Hansai ba ta wuce "um" da gyaɗa kai ba.

Gaskiyar magana in'ina gare ta, mai tsanani. Kalma sai ta zo mata har bakin leɓe ta toge kamar jaki a bakin rafi. Badaru ya sani, bai kuma taɓa goranta mata ba. Matan unguwa kuwa girman kai suka ɗauka.

Ga ciki ya fito. Ga uwarta ta rasu tuntuni, ballantana a ce za ta tafi wankan gida. A nan za ta haihu, a hannun matan da ba ta amsa wa gaisuwa.

Wata safiya ta jiyo Kubura maƙwabciyarsu ta bayan danga. Kubura kuwa in ta ɗaga ƙafa zuwa gidan barka, duk unguwa sai ta bi ta, in ta zauna kowa ya zauna.

"Ni zan gaishe ta, ta kama kallon ƙasa? To ranar da ta haihu, ƙasar ta dafa mata ruwan wanka."

Washegari da hantsi Hansai ta nemi izinin Badaru, ta ɗauki taɓaryarta ta nufi gidan Ya Fanta.

Ya Fanta tsohuwa ce Babarbariya, tun kakanninta suke garin. Ba ta ba da saiwa, ba ta ba da rubutu, amma an san duk macen da magana ta yi wa wuya can take zuwa, kuma da taɓarya ake zuwa. Hansai ta tarar da wata Hure, uwar 'ya'ya, wadda sanƙarau ya tafi da rabin jinta. Ita Hure ba rashin magana ke damunta ba. Magana take da ƙarfi a kan ta kowa, ba ta san an fara ba, ba ta san an gama ba.

Ya Fanta ta zuba gero a turmi ta ce, "Ku yi mini lugude."

Ba a je ko'ina ba taɓare suka gwaru, gero ya watse, kaji suka samu.

"Madalla, kaji sun gode," in ji Ya Fanta. "Ke Hure, kin sauka kin sake sauka, turmin na ubanki ne ke kaɗai? Ke kuma 'yar nan, an ba ki gurbi kin tsaya kallo. Hira lugude ce. Ki sauka, ki ɗaga, ki bar 'yar'uwarki ta sauka."

Ta sa Hure ta riƙa kallon bakin abokiyar dakanta, kada ta ce uffan sai leɓen ya rufe. Hansai kuwa aka ce ta saki kalma tare da faɗuwar taɓarya, kada ta riga ta, kada ta bari ta wuce. Abin mamaki, da taɓarya ta faɗi, "ina kwana" ta fito sumul. Hansai ta tsaya tana duban turmin kamar shi ya yi maganar.

Da murna ta je rijiya da yamma, ta ga mata, ta buɗe baki. Babu taɓarya, babu kalma. Ta dawo da tulu rabi.

Ya Fanta ba ta yi mata faɗa ba. "Laifina ne, na manta ba a zuwa rijiya da turmi." Daga ranar ta fara rage mata kaya. Ta karɓe taɓarya ta ba ta muciya tana buga ƙasa. Da aka kwana biyu ta karɓe muciyar, ya rage ɗan yatsa a kan gwiwa, a ƙarƙashin zane inda ba mai gani.

Sannan ta hana ta amsa tsirara. "Lafiya lau, sai ki yi tsit? Kin bar mutum da taɓarya a sama ke nan. Duk amsar da za ki bayar, ki goya mata tambaya." Sai tsohuwar nan ta ture ɗankwali gaba, ta riƙe ƙugu, ta zama Kubura sak, har da murguɗa baki, ta ce a gaishe ta. Hure ta yi dariya har da hawaye, kuma karo na farko ta jira aka gama kafin ta sa baki.

Abu ɗaya ne Hansai ta ƙi. Ya Fanta ta ce in kalma ta toge, kada ta sunkuyar da kai, ta dubi mutum ta gaya masa abin da ke damunta.

"S-s-sai su yi d-dariya."

"Su yi mana. Wanda ya yi miki dariya zai dawo gobe. Wanda ya ɗauka kin raina shi ba zai dawo ba."

Haihuwa ta zo da sanyin safiya, namiji. Ya Fanta ta yanke cibi, Hure ta hura wuta, amma su biyu ba za su iya ɗawainiyar jego ba, kowa ya san haka. Har azahar tsakar gida fayau. Can sai ga sallamar Kubura, ita kaɗai, ko zama ba ta yi niyya ba.

"Barka da arziki," ta ce daga bakin ƙofa.

Hansai ta sa yatsa a gwiwa. "Barka ka..." Kalmar ta toge. Idonta ya fara neman ƙasa. Ya Fanta tana gefe tana jiƙa kanwa, ba ta ko ɗago ba, ba ta kuma ƙarasa mata ba.

Hansai ta ɗaga kai ta dubi Kubura. "Yaya, in'ina g-gare ni. Ki j-jira ni."

Kubura ta saki baki. Ta jira.

"Barka kadai." Yatsa ya sake sauka. "Yaya ƙ-ƙafar Ɗanladi?"

Ɗanladi autan Kubura ne, kurkunu ya kwantar da shi tun kaka, ba wanda ya ƙara tambayarta shi. Sai ga Kubura a kan tabarma. Ta faɗi yadda ƙafar ta kumbura, da yadda ake naɗe tsutsar a tsinke, da abin da malamin asibitin Gaya ya ce. Duk inda ta ja numfashi, Hansai ta sauke tata taɓaryar, "Ayya," ko "S-sai aka yi yaya?"

Da Kubura ta tashi, daga zaure aka jiyo muryarta. "Ku fito da itace, wata ta ɗauko babbar tukunya! Yarinyar nan ashe akwai hira, ku ne ba ku iya jira ba."

Hure ta matso tana kallon bakin Ya Fanta. "Me ta ce?"

"Ta ce ki ƙara wuta," in ji Ya Fanta, ta ci gaba da dama kununta.