Alƙaliyar Gidan Namun Daji

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun ba ki kunne.

A wani babban birni akwai gidan namun daji, irin wanda ake kai yara ranar hutu su tarar da zaki yana barci, su dawo gida suna rantsuwa ya yi musu gurnani. Babba a kan duk masu kula da dabbobin wani dattijo ne da ake kira Mai Makullai. Da tsintsiya ya shigo gidan yana saurayi, ya share kashin jimina, ya wanke tafkin kada, har aka wayi gari makullin kowane keji yana rataye a ƙugunsa. Kafin ka gan shi ka ji shi, caccas, caccas.

Akwai kuma wata tsohuwar birinya, ƙatuwa, baƙa, mai furfura a haɓa, irin biran nan masu kama da mutum har abin ya ba ka tsoro. Mai Makullai ne ya raine ta da kwalbar madara tun tana jaririya. Ma'aikata suna kiranta Alƙaliya, kuma ba banza ba. Duk wanda aka ɗauka sabon aiki, kafin a tabbatar da shi, sai Mai Makullai ya raka shi gaban kejinta. In ta miƙo hannu ta tsakanin ƙarafa, shi ke nan, mutum ya samu wurin zama. In kuwa ta juya masa baya tana sosa ƙugu, to ya fara neman wani aikin.

Ta juya wa wani mai kula da kada baya, ba a jima ba nama ya fara raguwa a ɗakin sanyi. Ta juya wa wata mai kula da tsuntsaye baya, sai ga ƙwan ɗawisu ya yi ƙafa. Ba wanda aka taɓa kamawa da komai a hannu, amma wa yake buƙatar kamu bayan Alƙaliya ta yanke? Sai dai ka ga mutum ya shigo ɗakin canza kaya, kowa ya jawo jakarsa kusa da ƙafa, hira ta mutu. Wa zai iya zama a haka? Da kansu suke tafiya. A bangon ɗakin shan shayin ma'aikata an jera hoton kowa, tun daga na farkon buɗe gidan, masu manyan wanduna da gashin baki. Nan da can sai ka ga wani gurbi mai haske inda aka cire hoto. Waɗannan su ne na Alƙaliya.

Ana nan sai aka ɗauki wani mutum ya kula da raƙuman dawa. Tsawonsa ya sa tun ranar farko aka laƙaba masa Dogo, aka ce yau an samu mai yi wa raƙumin dawa raɗa. Aikinsa ba laifi, amma Mai Makullai bai yarda da shi ba. Mutumin da ke kwasar kashi wuni guda, amma takalminsa yana sheƙi? Ga yawan murmushi ba dalili. Abin da ya fi tsaya masa a rai kuwa shi ne kular abincinsa. Autarsa ce take kawo masa da rana, budurwa ce da ta gama koyon ɗinki. Da can abinci da zafinsa yake isowa. Yanzu sai ya iso da ɗumi-ɗumi, kuma ta ɓangaren raƙuman dawa take ɓullowa, alhali ba nan hanya take ba.

“Auta, an toshe hanyar gaba ne?”

“A'a Baba, inuwa na bi.”

“Inuwar itace ko ta mutum?”

Ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kula, shi kuwa ya gama fahimta.

Ranar da ya raka Dogo gaban Alƙaliya, ma'aikata suka bar aikinsu suka taru. Dogo ya ɗan rusuna ya ce, “Barka da hutawa, Gwaggo.” Alƙaliya ta ɗaga kai, ta dubi nan, ta dubi can, sannan ta juya baya a hankali ta fara sosa ƙugu. Mai Makullai ya wuce, caccas, caccas.

Daga nan komai ya fara ɓata. Shebur ya ɓata. Buhun dusa ya yi sauƙi. Tiyon wanke keji ya ragu da kamu guda, in ji mai kula da zaki, ko da yake bai taɓa auna shi ba. Ofis na jiran bakin Mai Makullai kawai, a tabbatar da Dogo ko a sallame shi. Manyan Dogo kuma suka aiko suna neman izinin zuwa gaisuwa a kan maganar Auta, Mai Makullai ya ce a faɗa musu ƙafarsa na ciwo. A gida Auta ta daina magana sai da keken ɗinki, uwarta kuma ta koma ajiye masa abinci da ƙarfi.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da tikiti a bakin ƙofa, tare suka fara aiki, ita kaɗai ke iya faɗa masa magana son ranta. Ta leƙo ta taga ta ce, “Tsoho, za ka hana yarinya miji saboda biri ya sosa ƙugu?”

“Uwar gulma, tsaya ga tikitinki. Ta taɓa yin kuskure?”

“Ka taɓa binciken ko ta yi?”

Mai Makullai ya wuce abinsa. Abin da yake so shi ne ya kama Dogo da hannunsa, ya kai wa Auta shaida ta huta. Sai ya fara laɓe. Ya naɗe makullansa a tsumma don kada su tona shi, ya riƙa tsugunawa bayan shingen furanni kusa da ɗakin ajiya, gwiwoyinsa na kuka. Ya ga Dogo ya shiga ɗakin ya fito da bokiti, ya mayar da bokiti. Ya ga ya goge takalminsa da tsumma. Ba komai. Wannan ma ya ƙara masa zargi, ya ce a ransa ɓarawon da ba ya barin alama shi ne gwani.

Wata yamma, 'yan kallo sun watse, rana ba ta faɗi ba tukuna, ya hango Dogo ya waiga hagu da dama ya nufi kejin Alƙaliya. Me zai yi mata? Ramuwa? Dattijo ya lallaɓa ta bayan shinge har ya zo kusa. Ya leƙa. Alƙaliya ta fito da hannu biyu, ɗaya ta riƙe yatsun Dogo, ɗaya tana tsefe masa gashi tana neman ƙwarƙwata, irin yadda take yi wa Mai Makullai shi kaɗai.

Ya yi wuf ya fito. “Me ka ba ta? Rake ne ko alawa? Juye aljihunka!”

Dogo ya juye. Mataji ne kawai da hankici. “Wallahi Baba ban ba ta komai ba. Zuwa nake in tambaye ta laifin da na yi mata.”

A lokacin Alƙaliya ta ɗago ta tsura wa fuskar Mai Makullai ido. Ta dube shi sosai. Sai ta saki hannun Dogo kamar ya ƙone ta, ta juya baya.

“Ka gani!” in ji Mai Makullai.

“Ni ma na gani,” in ji mai tikiti, da ta biyo ta nan za ta tafi gida da jakarta a hammata. “Ba shi ta kalla ba, Tsoho. Kai ta kalla.”

“Maganar banza.”

“To mu gwada. Ni dai ƙawarta ce, ka sani. Dube ni yadda kake duban yaron nan. Tuna ranar da na gaya wa matarka kana shan taba a bayan kejin kura.”

Ai kuwa ya tuna, don har yau abin na cin sa. Fuskarsa ta haɗe da kanta. Mai tikiti ta matsa ta miƙa hannu. Alƙaliya ta waigo da murnarta za ta karɓa, sai ta ɗan saci kallon uban goyonta. Hannun ya tsaya a hanya. Ta janye shi, ta juya wa ƙawarta baya ta hau susa.

Mai tikiti ta yi dariya har da riƙe ƙarfe. “Yau ni ma na zama ɓarauniya! A ɓoye dusa!”

Mai Makullai bai yi dariya ba. Ya wuce ɗakin shan shayi ya tsaya gaban bango yana duban guraben nan masu haske. Mai kula da kada, ai shi ne wanda yake kwaikwayon tafiyarsa yana ba mutane dariya. Mai tsuntsaye kuwa, ita ce ta taɓa gyara masa magana a gaban likitan dabbobi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a tsaye. Sai kuma wani tunani ya zo masa: ko dai Dogo da tsohuwar nan sun haɗa baki ne?

Washegari da safe ya sake kiran Dogo, su biyu kawai. Ya tsaya gaban kejin ya washe haƙora iya ƙarfinsa. Alƙaliya ta daɗe tana nazarin wannan murmushin, don ba ta san shi da shi ba. Can ta gyara zama a karkace, rabin baya rabin gaba, ta miƙo wa Dogo ɗan yatsa guda.

“To,” in ji Mai Makullai, “gaskiya ta faɗa. Iyakar inda na kai ke nan. Ka ce wa manyanka ƙafar ta yi sauƙi.” Ya juya zai tafi ofis, ya waigo. “Shebur fa?”

Dogo ya samu aikinsa, ya auri Auta, takalminsa na nan yana sheƙi. An tsinci shebur a cikin tafkin kada da aka zo yashe shi. Mai tikiti ta ba da labarin ga duk wanda ya sayi tikiti har ta yi ritaya. Mai Makullai bai sake raka kowa gaban keji ba, ya nemo hotuna biyu daga cikin waɗanda aka cire ya mayar da su bango, sauran ba a same su ba. Alƙaliya ta tsufa ta mutu a hannunsa, shi kuma har ya ajiye makullai bai daina leƙa buhun dusa ba in surukinsa ya fito daga ɗakin ajiya.