Ƙaron da Inna Ta Ƙona

Yayana Dalhatu shi ne ɗan farin Inna Talle, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ranta ya yi fari ta ce "yayanku". Ba ta zama inda ya zauna, ba ta miƙa masa ko ruwan sha hannu da hannu. Shi ma in ya kawo mata tsaraba sai ya ajiye inda za ta gani, ya fita. Kowa a zangon Parakou yana yaba mata wannan kunya. Ni dai haushi abin yake ba ni, amma wa ya tambaye ni?

Shi kuwa Allah ya ba shi kunne. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, aka tura shi Porto-Novo, can wani malaminsu ya ɗora masa gogen Turawa a kafaɗa, wanda suke kira biyolon. Shi ke nan, muka rasa ɗan kasuwa. Shekarar da aka sauke tutar Faransa ya tafi Lyon karatun kiɗa, da ya gama wata babbar ƙungiyar makaɗa ta ɗauke shi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa yana ce wa abokan fataucin goronsa ɗansa na aiki da Turawa, bai taɓa faɗin wane aiki ba. Mu gidan fatake ne da malamai, goge kuwa a wurinmu na 'yan bori ne. Bayan rasuwar, Inna ta koma Djougou, gidan wanta Malam Ashafa mai makarantar allo.

Ƙarshen wata damina sai ga Yaya ya zo hutu. Na rufe rumfar atamfata na je tasha na tarbe shi. Ya yi ƙiba, ya fara sanƙo, kuma ba ya buɗe baki sai ya fara da "bon" ɗin Faransawa. Na yi masa tsiya son raina, shi kuma ya zauna a gidana na unguwar Titirou ya share sakwara kamar wanda aka yi wa horon yunwa. Yana wanke hannu ya gaya mini abin da ya kawo shi. Ya ce ya yi wa dubban mutane kiɗa a ɗakunan da suka fi kasuwarmu girma, amma wadda ta haife shi ba ta taɓa jin ko ƙara ɗaya daga hannunsa ba, ga shi tsufa ya kama ta. Har sabuwar tsagiya ya sa aka ɗaura wa bakan gogen saboda ita, bai ko taɓa tsagiyar ba tukuna.

"So nake ta ji ni ko sau ɗaya, Zinatu. Ba sai ta ce komai ba."

Tausayinsa ya kama ni. Washegari muka hau motar Djougou, ya rungume akwatin gogen a cinya duk hanya.

Kawu Malam ya karɓe mu da murna. Ya dubi baƙin akwatin nan, ya tambayi abin da ke ciki, na ce kayan aiki ne. Bai ƙara tambaya ba. Da safe bayan karatun yara ya sa babbar riga ya ce za shi ta'aziyya Bariénou, ba zai dawo ba sai la'asar. Ya maimaita la'asar ɗin yana kallon ɗakin Yaya. Mamacin da zai je ta'aziyyarsa ya kusa shekara a kabari. Damarmu ke nan, don washegari za mu juya.

Yaya ya ce bari ya fara zaga dangi ya gaisa, kada a ce ya yi girman kai. Fitarsa ke da wuya Inna ta ɗauki tsintsiya ta shige ɗakinsa, don sai ba ya nan take yi masa hidima. Can na ga hayaƙi na fitowa ta taga, da wani wari kamar na ɗanyen katako. Ta fito da kaskon turare a hannu, fuskarta fal da fara'a. Ta ce mini wancan ya ajiye mata turaren Faransa a bakin gado, ja garau, an naɗe shi a ƙyalle mai laushi. Ta daka shi ta zuba duka a wuta, ta turara masa ɗaki da riguna. Turaren nasu ba wani ƙamshi, in ji ta, amma tunda an tuna da ita ta gode. Wallahi ni ma murna na taya ta.

Da Yaya ya dawo ya fara ɗaga matashi, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zazzage jakarsa. Sai ya tsaya ya shaƙi iskar ɗakin, ya dube ni. Ashe ƙaro ne da ake goga wa tsagiya, kuma sabuwar tsagiya in ba ta sha shi ba, ba ta kama kirtani. Ya ja bakan don in gani. Ba abin da ya fito sai fuuu, kamar ana hura wuta. Ya ce irin wannan ƙaron sai Cotonou, can ɗin ma sai an dace. Ya zauna a bakin gado ya yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo, ya roƙe ni kada in gaya mata, ta ci gaba da ɗauka tsaraba ce.

Bai san Inna tana gindin taga tana shanya ba. Na leƙa sai na ga ta yafa mayafi tana neman takalmi. Na tambaye ta ina za ta da tsakar rana haka, ko kallona ba ta yi ba. Na bi ta a baya.

Ta ratsa kasuwa, ta bi ta bayan mahauta, ta tsaya a ƙofar Audi mai goge, tsohon da ke yi wa 'yan bori kiɗa. Tun muna yara in mun zo Djougou, in za mu wuce lungun nan sai ta kau da kai ta ja mu da sauri. Yau ga ƙanwar Malam Ashafa a ƙofarsa tana sallama, mata masu tuyar ƙosai sun bar kaskonsu suna kallo. Audi ya fito yana gyara hula, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce ƙaron da yake goga wa bakansa take so ya sam mata. Ya tambaye ta wa zai yi aiki da shi a gidan malamai.

"Ɗana ne," in ji Inna. "Shi ma sana'arku yake yi."

Audi ya shiga ya fito da curin ƙaron hano, ta ƙulle a bakin mayafi. Da muka iso gida ta miƙo mini ta ce in kai wa wancan.

Yaya ya shinshina, ya murza a yatsa, ya goga wa tsagiyar a hankali. Ja na farko ya yamutsa fuska, wai muryar ta yi kaushi. Na ce ya daina iyayi ya yi abin da ya kawo shi. Ya tsaya a ƙarƙashin mangwaro ya rufe ido ya fara. Ban san sunan abin da ya kaɗa ba, na wani Bature ne da ya daɗe da mutuwa, yana tafiya a hankali yana hawa yana sauka. Inna na zaune a ƙofar madafa ta ba shi baya, faifan wake a cinyarta tana tsinta. Tun ana tsakiya hannunta ya tsaya. Da ya sauke bakan gidan ya yi tsit, sai kaji.

"Ke," ta ce, ba ta juyo ba. "Ce masa ya ƙara."

Ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har aka kira la'asar. Da na fita ɗebo ruwa na tarar da Kawu Malam zaune a zaure da carbinsa, ƙurar hanya ta daɗe da kwanciya a takalminsa. Sai da kiɗan ya tsaya sannan ya yi gyaran murya ya yi sallama.

A motar komawa Parakou Yaya sai fara'a yake, ƙullin ƙaron na aljihun gabansa. Ya ce "ya ƙara" ɗin nan ta ishe shi har ƙarshen rayuwa. Na bar shi sai da muka fita gari, sannan na gaya masa inda Inna ta je da abin da ta faɗa wa Audi a gaban masu ƙosai. Ya juya ya daɗe yana kallon gonakin doya ta taga.

"Zinatu," ya ce, "sake faɗa mini yadda ta ce."