Ƙusoshin Jirgin Isaiah

Tun ranar da bam ya tashi a tasha, Aƙilu mai walda a Tudun Wada ya daina yarda da kowa, har da tsofaffin kwastomominsa. Shi ya sa gabansa ya faɗi lokacin da Isaiah, mai gyaran janareta, ya ciro wasu guntayen bututu daga ƙasan buhu, ya ce a yanka masa shida irinsu, a yi wa kowanne ƙusar da za ta shige shi cif. Da Aƙilu ya tambayi na mene ne, sai mutumin ya waiga hagu da dama, ya ce wani ɗan aiki ne na gida.

Guntun bututu a buhu, a wannan zamani? Aƙilu ya yi tunanin kai ƙara wurin 'yan banga, amma ya san wanda aka kama da irin wannan zargi ba lallai ya dawo ba. Sai ya yi dabararsa. Ya yi aikin tsaf, sannan ya sa zarto ya ci rabin kowace ƙusa, ya shafe tsagar da giris. Ko me aka ƙulla, ba za ta ɗauki nauyi ba.

Washegari zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya hau keke har Tumfure, unguwar da Isaiah yake, ya yi ta tambaya sai da aka nuna masa gidan, can bakin gonaki. Ya yi sallama ya tura ƙofa, sai ya tsaya cak.

Jirgin sama ne a tsakar gida, ɗan ƙarami mai kujera ɗaya. Isaiah na tsugune a wutsiyarsa. Cikin jin kunya ya yi bayani: shekara da shekaru yana haɗa shi, yana ɓoyewa don kada a ce na 'yan ta'adda ne. Mahaɗan da ke juya wutsiya da bakin fiffike, irin na ƙofa, sun cinye sun yi lako-lako. Yanzu kuwa ya sa sababbin da Aƙilu ya yi masa, ya girgiza ko motsi babu. Asabar zai ja shi fili ya gwada, shi da kansa a ciki.

Aƙilu ya matsa kusa da wutsiyar. Ya karɓi filaya, ya zare ƙusa ɗaya, ya lanƙwasa ta a gaban mai gidan. Ta karye kamar kara.

Isaiah ya daɗe yana kallon tsagar zarton.

"Malam Aƙilu, wa ya sa ka?"

Aƙilu ya rantse babu kowa, tsoro ne kawai, ya ce zai sake wasu kafin la'asar.

Isaiah ya miƙa hannu ya karɓe filayarsa, ya koma tsakanin baƙon da jirgin ya tsaya.

"Bar shi, na gode. Wa ka gaya wa hanyar gidana?"