Gwajin da Ya Ƙi Ci

Shalele bai kai shekara huɗu ba, amma duk wanda ya shigo gidan sai ya zama likitansa. Borin jini ne ke tasar masa, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, ya yi ta susa har fata ta tsage. Kakarsa ta ce ƙwai ne, aka hana shi ƙwai. Maƙwabciya ta ce madara ce, aka hana shi madara. Gwaggonsa ta rantse kifi ne. Abincin yaro ya koma kamar na mai jinya, borin kuwa ko gezau.

Da ƙyar Maman Shalele ta samu ranar gwaji a asibiti. Da ƙyar kuma mai kula da su a kamfanin ɗinki ta ba ta hutun yini guda, tana cewa, "Ke kullum yaro, kullum yaro. Keken naki shi zai taka kansa?" An gargaɗe ta a asibiti cewa a daina ba shi maganin ƙaiƙayi kafin ranar, don haka ta ɗauke kwalbar ta ɓoye a jakarta, tana tafiya da ita wurin aiki.

A ɗakin gwajin nas ta miƙe hannun yaron, ta yi masa alamomi da biro daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Kusa da kowace alama ta ɗiga ruwa daga wata 'yar kwalba, ta tsaga fatar kaɗan da tsinin wani abu. Shalele ya tsala ihu, ya harba ƙafa, takalminsa ya faɗa ƙarƙashin gado. Uwar ta matse shi a cinya tana lallashi, gumi na bin bayanta.

Suka zauna jira. Hannu ya tsaya lafiya lau, ko ɗigon ja babu.

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Ashe ba komai."

Nas ba ta yi murmushi ba. Ta nuna alamar ƙarshe. "Kin ga wannan? Kowa aka ɗiga wa sai wurin ya tashi, da shi muke gane gwajin ya ci. Tun da bai tashi ba, akwai magani a jikinsa. Me kuka ba shi?"

"Wallahi ban ba shi komai ba. Ga kwalbar nan ma a jakata."

"To ki tambaya a gida."

A baranda ta kira mijinta. Ana jin ƙarar injin a garejin da yake aiki.

"Baban Shalele, ka ba yaron nan wani abu?"

"Maganin ƙaiƙayi? Ai kin tafi da shi."

"Kowane iri nake tambaya."

"Jiya dai na ga hancinsa na yoyo, na ba shi cokali ɗaya na maganin mura. Mura fa, ba ƙaiƙayi ba."

Da ta faɗa wa nas sunan maganin, sai ta gyaɗa kai. Abin da ke cikin na ƙaiƙayin, shi ne a cikin wannan. Sai a sake sa rana.

Ta goya yaron ta fito, takalmi ɗaya a ƙafarsa ɗaya a hannunta. Hutu ya tafi a banza, an tsattsaga hannun yaro a banza, kuma ba ta da wanda za ta huce a kansa, don mijin nata tausayi ya ji. Duk da haka da ya dawo sai da ta sauke masa kwandon masifa.

"Ni na san mura da ƙaiƙayi dangi ne?" in ji shi.

"Baki gare ka, waya gare ka. Tambaya ta fi ƙarfinka?"

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko wuya. Borin ya taso, magani kuma ba dama. Ta yanke masa farce har ƙasa, ta sa masa safa a hannu, ya cire da haƙori. Ta riƙa jiƙa tawul da ruwan sanyi tana danna masa. Kaka na zaune tana kallo, tana cewa, "Ku dai da bin likita. Yaro na wahala, magani na jaka." Maman Shalele ta tattara duk wata kwalba da ke gidan ta kulle a akwati.

Ranar gwaji na biyu uban ne ya riƙe shi, don tun daga ƙofar asibitin yaron ya gane wurin ya fara turjewa. Wannan karon alamar ƙarshe ta tashi. Kusa da ita wata ta kumbura fiye da ita, ta yi ja kamar cizon kudan zuma.

"Gyaɗa ce," in ji likita bayan ta auna kumburin. "Ƙwai, madara da kifi duk ba su nuna komai ba. A mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya, kuna lura."

Maman Shalele ta dubi yaron. Watanni tana ƙwace wa ɗanta kofin madara yana kuka, alhali biskit ɗin da take saya masa don ya yi shiru, mai gyaɗa ne.

Likita ta nuna musu allurar gaggawa da yadda ake danna ta a cinya idan numfashi ya sarƙe ko fuska ta kumbura, sannan a garzayo asibiti. Ta ce su karanta bayan kowace leda kafin yaro ya kai baki.

Maman Shalele ta ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. A kanti takan tsaya tana ƙanƙance ido a kan rubutun da bai kai ƙafar tururuwa ba, mai kanti na cewa, "Saye za ki yi ko karatu?" A makarantar renon yara ta yi wa malamar bayani tiryan-tiryan, ta bar mata allura ɗaya, malamar ta saurara da kyau sannan ta ce, "Amma ɗan kaɗan ai ba zai yi komai ba ko?"

"Malama, ko ɓarɓashi."

Fatar Shalele ta fara lafawa, tabon susa na bushewa. Wata safiya uwar tana kan keken ɗinki wayarta ta yi ƙara. Malamar ce. Wani yaro ya zo da cakulan yana rabawa, ta ƙwace na Shalele kafin ya buɗe, ga shi nan yana birgima a ƙasa.

"Karanta min bayan ledar."

"Rubutun ya yage."

"To kar ki ba shi. Bar shi ya yi kukan."

Tana jin ihunsa ta cikin wayar, yana kiran Mama. Ta kashe, ta kife wayar a kan tebur, ta jawo hannun rigar da take ɗinkawa, sai ta ga ta haɗa shi a baibai. Ta ɗauki reza ta fara farkewa.