Rangajin Malam Nu'umanu

Hamdiya ta shekara shida tana tace bidiyon biki da suna a Tambuwal, kuma a gaban kowa za ta faɗa cewa babu mai hannunta a garin. Gaskiya ne, ta iya. Sai dai akwai ta da gaggawa, ga rashin son a ce mata ta sake dubawa.

Mahaifinta, Malam Nu'umanu na Kebbe, ya rasu bara bayan shekara bakwai yana fama da ciwon karkarwa. Tun daga nan mahaifiyarta, Inna Batula, ta kasa tuna shi da lafiyarsa. In ta rufe ido, hannun nan mai rawa take gani, da furar da ke zubewa kafin ludayi ya kai baki. Sau ɗaya ta faɗa wa Hamdiya haka, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Ana nan sai wan Hamdiya, Mannir, ya tsinci wani ɗan ƙaramin kaset a akwatin littattafan Malam. Walimar saukar karatu ce ta shekara ashirin da suka wuce, wani ɗalibi ya ɗauka da kyamarar hannu. Minti goma sha ɗaya, Malam na zaune a kan buzu yana karatu, yana rangajin nan nasa gaba da baya. Ban da wannan babu wani hotonsa mai motsi.

Hamdiya ta aro tsohuwar kyamara ta juye kaset ɗin a kwamfuta. Da Malam ya motsa sai gefen fuskarsa da rawaninsa su tsattsage kamar haƙoran matsefi. Ta san dalili. Kyamarorin wancan zamani ba sa ɗaukar hoto ɗungurungum, raba shi suke yi layi-layi gida biyu, su ɗauki rabi, sannan ɗayan rabin. Kwamfuta kuwa haɗa su take yi lokaci ɗaya, shi ya sa duk abin da ya motsa yake tsagewa.

"Talabijin ɗin Inna tsohuwa ta, ita ta san yadda za ta saƙa su," in ji ta. Ta buga faifan bidiyo ba ta ko gwada ba, ta miƙa wa Mannir, ya hau babur sai Kebbe.

Bayan la'asar wayarta ta yi ƙara. Muryar Inna ce, a dishe.

"Ke Hamdiya, mi kinka yi mai? Shina rawa awa ranar da munka kai shi asibiti. Na ce ma Mannir shi kashe abin ga."

Kunya ta kama Hamdiya, ga baƙin ciki. Ta so ta maido wa Inna mijinta, sai ta aika mata da ciwonsa.

Washegari da sassafe ta ɗauki kwamfutarta ta nufi shagon Ɗan'iya mai gyaran talabijin, wanda ta saba yi wa dariya saboda tarkacen da yake tarawa. Yau tarkacen ne suka yi mata rana. Ya jona mata wata tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, ta sa faifan, ta ga abin da Inna ta gani. Malam zai yi gaba, sai hoton ya fizge shi baya, ya sake fizgo shi. Wallahi ko ita sai da ta kau da kai.

Kuskuren ɗan mitsitsi ne. Kyamarar rabin ƙasa take fara ɗauka, manhajar kuwa da ta fitar da bidiyon ta sa rabin sama a gaba. Kowane motsi sai na baya ya riga na gaba fitowa. Ta gyara jerin, sannan ta sa manhajar ta mai da kowane rabi cikakken hoto, hamsin a daƙiƙa, don ko a waya a gani babu tsaga. Sau uku tana fitarwa tana gwadawa, Ɗan'iya na murmushi.

Wannan karon da kanta ta je. Babur ya girgiza ta har Kebbe, ta tarar da Inna a tsakar gida tana tsince gero.

"Ba ni kallo," Inna ta ce tun kafin ta zauna.

"Inna, ba Baba na ka rawa ba, aikina na yal lalace. Ki duba sau guda. In kin ga karkarwa ni da kaina zan karya faifan."

Hamdiya ta shiga ɗaki ta kunna, muryar Malam ta fito tsakar gida, cikakkiya, babu rawa. Can sai ga Inna a bakin ƙofa da faifan geronta a hannu.

Malam ya yi gaba a hankali, ya dawo a hankali. Ya ɗaga hannun dama ya buɗe shafi, hannun bai ko girgiza ba. Sannan ya ɗago ido ya dubi kyamara.

Inna ta ajiye geron da sauri. Ta ja gyalenta ta rufe kai da kyau, ta sunkuyar da ido, yadda take yi in ya shigo gida.

"Shi na," ta ce a hankali. "Mai da shi farko."