Urve da Saniyar Gonar Gwamnati

A ɗakin wankan tururi maganar ta fara, kafin Asabar ta zagayo kuwa ta kai kantin burodi: wai Urve, wadda ta yi shekara arba'in tana koyar da lissafi a ƙauyen, sunan saniya ta ci.

Ita dai abin da ta sani, an haife ta a 1950, ranar Lahadin da ke gabanin bikin Ista a watan Afrilu, ranar da ake tashin masu barci da reshen itacen bakin rafi mai toho. Tohon nan mai laushi kamar gashin ɗan kyanwa, daga sunansa aka samo nata. Haka uwarta ta gaya mata. Amma Urve ba ta yarda da magana don kawai uwa ce ta faɗe ta.

Da ba ta kula ba, sai dai jikarta Triin ta haihu, za a sa wa jaririyar sunanta, saura kwana uku wa'adin rajistar sunan ya cika. Mijin Triin, Kaarel, ya ji tsegumin ya fara ja da baya.

“Kaka, ba raini ba ne,” in ji shi ta waya. “A makaranta nake jiye mata. Yara za su riƙa yi mata kukan shanu.”

“Kai wa ya hana a yi maka? Ka ba ni lokaci zuwa jibi.”

Ta fara da maƙwabciyarta Vaike, wadda ta ƙyanƙyashe maganar.

“Ke Vaike, kin ga saniyar da idonki?”

“Kowa ya sani mana! Baƙa mai farin goshi, har lambar yabo ta ci. Babanki ya fi son ta da mutanen gidansa.”

“Kowa ɗin nan, ina gidansa? In je in gaishe shi.”

Vaike ta turo baki ta ce a je a tambayi Asta, wadda ta yi tatsa a gonar gwamnati tun tana budurwa.

Urve ta naɗe baƙin burodi da kwalbar zuma, ta hau bas zuwa gidan tsofaffi inda Asta take. Asta, mai shekara casa'in da uku, ta karɓi zumar kafin ta amsa gaisuwa.

“Yaya Asta, an yi wata saniya mai sunana?”

“An yi, 'yar nan. Ta fi ki farin jini nesa ba kusa ba.”

Urve ta dake. “Shaida nake so, ba labari ba.”

Tsohuwar ta sa aka sauko mata da gwangwanin biskit. Ƙarƙashin maɓallai da hotuna akwai takardar yabo, ga hoton saniyar ta sha kwalliyar furanni a wuya, ga ranar haihuwarta: Yuni, 1950. Urve ta goge tabarau ta sake karantawa.

“Na girme ta da wata biyu! Ke nan ba ni na ci sunanta ba.”

“Wa ya ce ke kika ci? Zauna, ban gama ba.” Asta tana dariya har da tari ta ƙarasa mata sauran.

A bas ɗin komawa Urve ta yi ta shawara da zuciyarta: ta faɗi rabi ta yi shiru? Ta tuna yaran da ta hana maki saboda rabin amsa. Ta kira Triin, ta ce a ba ta Kaarel. Da ƙyar take jin muryarsa, don jaririyar ta cika gidan da ihu.

“Daga toho sunana ya fito. Na riga saniyar zuwa duniya, takarda tana jakata.”

“Shi ke nan, Kaka, gobe da safe zan yi rajista. Amma ita saniyar fa, ina ta samo shi?”

“A wurina. Gidanmu yana jikin garke. Da aka haifi maraƙar, masu tatsa sun kasa bambanta kukanta da nawa, sai suka sa mata Urve.”